Ɗorawar Baba Isiyaku

Har gobe ba na mantawa da ranar da na koma gonar Baba Isiyaku, a wani ƙauye bayan Doguwa. Lokacin ina ƙaramin malamin gona, an tura ni wani shiri da ke biyan manoman kan tudu su kare bakin rafi, don ƙasa ta daina zaizayewa tana cike madatsar ruwa. Ƙa'idar ita ce ka dasa bishiya a gaɓa, bayan damina in zo in ƙirga waɗanda suka rayu, a biya ka.

Baba Isiyaku ya gaji gaɓa cike da ɗorawa da kaɗanya, bai taɓa sa musu gatari ba. Maƙwabcinsa kuwa tuni ya sare nasa ya yi gawayi. Shi ne ya dasa, shi aka biya.

"Malam, ni fa?" in ji Baba.

Na kai maganar wurin shugaban shirin. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Takarda ta ce sabon dashe." Na ce ranka ya daɗe, ai tsofaffin ne ke riƙe ƙasar. Ya ce in rubuto. Sau uku ina rubutawa, shiru kake ji.

Da Baba ya sake tambaya, don takaici na ce, "Baba, sai mai fili a gaɓa ake biya." Ashe bakina ne zai jawo ɓarna.

Bayan girbi na koma, na tarar da kututturan bishiyoyinsa a jere, an haƙa ramuka a tsakaninsu. Baba ya taso da fara'arsa.

"Ga fili nan, Malam. Yaushe za a kawo dashen?"

Wallahi ji na yi kamar in jefa littafin rajistar da ke hannuna a rafi. Amma ya cika ƙa'ida, dole na rubuta sunansa. An biya shi, a rahoton ofis ma an sa gonarsa cikin nasarorin shekara. Damina ta biyu rafin ya cinye masa kunya fiye da goma ta dawa, ya tafi da dashen gaba ɗaya.

Ku sabbin ma'aikata, manomi ba ya wasa da maganar hukuma, abin da aka ce za a biya shi zai yi. Shi ya sa duk ƙa'idar da aka miƙo mini yanzu, sai na fara tambaya: wanda ya riga ya kiyaye, me za a ba shi?