Ɓarayi Shida, 'Yan Haya Bakwai

Ƙanena Sabi'u ya kira kakarmu bokanya. A gaban mutane ya faɗa, ranar Babbar Sallah, a gidansa na unguwar Utaibiyya a nan Makka, bakinsa cike da naman da ni na feɗe. Abin da ya jawo, 'yata Maryam ce ta kama wuyan hannun ɗansa da yatsu uku tana wasa, ta ce ya fito da harshe ta gani. Sai Sabi'u ya daka mata tsawa, ya juyo kaina: "Yaya, ka daina cusa wa yara shirmen tsohuwar bokanyar nan. Kai ba ka yi karatu ba, kada ka ɓata min nawa." Tun ranar ya hana 'ya'yansa taka gidana. Wai shi ma'aikacin saidaliyya, wato kemis, mai sayar da magani da farar riga. Ni kuwa a aji huɗu na ajiye littafi na kama tura alhazai marasa ƙarfi a keke, don shi ya zauna a makaranta.

To bari in faɗi wace ce bokanyar.

Kaka Delu ta zo hajji tana yarinya, ba ta koma ba. Ta yi shekaru tana wanki da girki a gidan wani tsoho Musulmi mutumin ƙasar Sin, wanda shi ma hajjin ya zo ya zauna, kamar mu. Alhaji Sini ake ce masa, yana duba marasa lafiya a zaurensa. Kaka tana miƙa shayi tana kallo, kuma abin da ya shiga idon Kaka ba ya fita.

Bayan magariba mukan hau sutuh, rufin gidanmu a tudun Misfala. Ta hura gawayi a kasko, ta ɗora shayi da na'ana'a, hasken Harami yana can ƙasa. Amma babu labari sai an yi layi.

"Maigida, miƙo hannu," haka take tsokanar kowane jika namiji. Ta ɗora yatsu uku a jijiya, ta lumshe ido. "Kai, wannan gudu haka? Dabinon wa ka sata?" Mu fashe da dariya. Ta duba harshe. "Fari fat! Ƙanƙara ka sha a shago, sanyi ya shige ka, kada ka yi min ƙarya." Ta shinshina bakinka, ta saurari tarinka, sannan ta tambaya: me ka ci, yaya barci, wa ya ɓata maka rai. Ta ce a wurin Alhaji Sini ƙofa huɗu ake bi kafin a taɓa magani: a duba, a saurara, a tambaya, a taɓa jijiya. In ta gama da mu sai ta gyara zama ta ce, "Hannuwa sun yi magana, saura bakina."

Labarin da muka fi so na wani attajiri ne da ɓarayi shida suka dame shi. Shugabansu Iska, shi ke ɓalle ƙofa sauran su biyo, kuma ba ya zama wuri ɗaya, yau yana kai, gobe yana gwiwa. Sai Sanyi mai ɗaure gaɓoɓi, da Zafin Rani, da Bushewa, da Wuta, da Danshi, wani ƙaton malalaci da in ya zauna a ƙafarka sai ka ji kamar an ɗaura maka buhu. Kaka takan tashi ta yi tafiyar Danshi tana jan ƙafa, mu yi ta birgima a tabarma.

Attajirin ya gina katanga, ya toshe kowace kafa, ya naɗe wuya da mayafi. Duk da haka ciwo bai bar shi ba. Aka kira wani tsohon mai magani. Ya duba, ya saurara, ya taɓa jijiya, sai ya ce, "Katangarka lafiya lau. Su wa ke kwana a ciki?" Ashe 'yan haya bakwai ne da shi: Murna, Fushi, Damuwa, Tunani, Baƙin Ciki, Tsoro da ƙaninsa Firgita. Fushi ya kama ɗakin hanta yana fasa bango don ya ƙara fili. Tunani ya tare a madafa, ya hana abinci nuna. Tsoro kuwa ɗakinsa can ƙasa ne, wurin ƙoda, jikin randar ruwa, in ya yi rawar jiki randa ta zuba.

"In kore su?" in ji attajiri.

"Gidan da babu su ai kabari ne," Kaka takan faɗa da muryar tsohon. "Ka dai sa kowa ya tsaya a ɗakinsa."

Akwai wata shekara, Sabi'u yana ɗan shekara tara, kuma kullum sai ya jiƙa shimfiɗa. Inna ta hana shi ruwa daga la'asar, ta yi masa hayaƙi, ba a dace ba. Baba ya ɗauki sanda. Kaka ta duba harshensa, ta taɓa hannu, ta ce ba ta ga ɓarawo ba. Sai ta koma tambaya. Maraice uku tana lallaɓa shi kafin ya buɗe baki. Ashe ya ga motar jawazat, masu kama marasa takardar zama, ta ɗauke maƙwabcinmu mai shayi, takalminsa ƙafa ɗaya ya rage a kan hanya. Tun ranar yake mafarkin takalmin Baba ne.

Kaka ta karɓe sandar daga hannun ɗanta. "Ba iskanci ba ne, na ɗakin ƙasa ne ya fito. Ka taɓa jin an kori tsoro da duka?" Ta jawo tabarmarsa kusa da tata. A labari kuma ta ba shi matsayin Tsoro, yana kakkarwa yana zare ido, mu sauran 'yan haya muna ba shi shayi muna raka shi ɗakinsa. Har Baba sai da ya yi dariya. Kafin lokacin aikin Arfa ya zagayo, tabarma ta bushe. Allah ne ya warkar, amma na san ta hannun wa.

Ni ba likita ba ne. Yarana in sun yi zazzaɓi asibiti nake kai su. Abin da na riƙe daga sutuh ɗin nan shi ne, ciwon mutum ba duka daga waje yake zuwa ba, kuma ba ka saninsa sai ka zauna ka tambaye shi. Wata biyu bayan Sallar da Sabi'u ya kira ta bokanya, bakina ɗaci, haƙarƙarina na ciwo. Na duba harshena a madubi, gefensa ja wur. Sai dariya ta kama ni ni kaɗai, don na ji muryar Kaka a kunnena: "Maigida, Fushi yana fasa maka bango."

Na tafi saidaliyyar, na jira sai da mai saye na ƙarshe ya fita. Na dafa teburinsa na ce masa:

"Sabi'u, ba magani na zo saye ba. Akwai wata tabarma da ake shanyawa a sutuh kowace safiya, ni nake naɗe ta kafin yaran unguwa su gani. Duk kwalaben nan naka, wacce ce za ta tambayi yaro me ya gani a hanya? Bokanyar ce ta tambaya, ita ta karɓe sanda daga bayanka. Ban faɗa a gaban matarka ba, ba kuma zan faɗa ba. Ranar Juma'a bayan magariba zan hura gawayi. Ka kawo min yaran. Kai ma ka zo, don har yau ba mu sami wanda ya iya Tsoro kamarka ba."