Addu'ar da Muka Yi wa Mai Rai a Fakku

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Karatuna iyakarsa firamare, kuma ina tsoron in faɗi abin na'ura ba daidai ba a yi mini dariya. Amma akwai taimakon da nake nema, shi ya sa na daure.

Mun tashi daga Tambuwal bayan sallar asuba, ni da ƙanina mai koyar da kwamfuta. A cinyata na rungume wata ƙaramar na'ura da ba ta wuce burodi girma ba. Wiki ne a ciki, wato shafukan da muka tara na sanin dattawa: irin gero, burtali, maganin shanu. Ba ya buƙatar intanet, sola kawai, wayoyi su kama. Ƙanina ya ce kowane sashe yana cikin kwantenarsa, kamar tuwo da miya a langa daban-daban, in na'urar ta lalace a ɗauke su a mai da su cikin wata. Duk da haka kowane rami muka faɗa sai na yi salati.

A Kebbe muka sha fura mai tsami, muka hau mashin zuwa Fakku. Kuɗin mashin ya tashi, amma dawa ta yi kyau a gefen hanya.

Kafin mutanen Fakku su taru mu nuna musu shafukan, na lura shafin wani marigayi ba addu'a. Abin ya dame ni, na matsa wa ƙanina ya sa «Allah ya jiƙansa». Cikin sauri ya sa ta a samfuri, wato ƙirar da duk shafukan dattawa ke ɗauka.

Sai ga tsohon da ya fi kowa sanin burtalolin yankin. Tun a baya da ƙyar ya yarda ya ba mu rabin abin da ya sani, kuma in ya janye, sauran dattawa za su bi shi. Aka buɗe shafinsa, aka karanta masa har ƙasa. Sai ga «Allah ya jiƙansa» a ƙarshe.

«Yaushe nim mutu ba a gaya min ba?» in ji shi.

Na durƙusa. «Baba, a gafarce mu, ni na ja.»

Ya dube ni, sai ya fashe da dariya. «Tashi, ɗana. Kar ku yar da ita, ku aje min. Ina zuwa. Ɗauko alƙalami mu ƙarasa tun ina nan.»

Ƙanina ya ƙara gurbi a samfurin: yana raye ko ya rasu. Muka kwana, muka dawo Tambuwal da sauran burtalolin a rubuce. Na koyi cewa gyara ɗaya a samfuri, gyaran kowa ne.

Yanzu damuwata ta juya. Fakku da nisa, ina tsoron wani ya rasu shafinsa ya zauna ba addu'a. Don Allah mutanen Kebbe, in kun ji rasuwar wani dattijo cikin waɗanda muka rubuta, ku sanar da ni. Baba kuwa, Allah ya sa mu daɗe ba mu taɓa gurbinsa ba.