Sababbin Tayoyi Masu Shekara Takwas

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru, ni mutum ne mai ganin ya gama ganin duniya. Na bi manyan motoci tun ina da gashi a kai, na ci dokunu, tuwon masararsu, a Kumasi, na sha zazzaɓi a Fatakwal, na yi wata bakwai a Agadas ina jiran wani injin da har yau bai iso ba. Da ƙafa ta gaji na komo gida, Allah ya ba ni aikin sito a garejin wata ma'aikatar gwamnati a Tambuwal, inda ake gyaran motocin da ke bin hanyar Kebbe da ƙauyukanta. Ni ke riƙe da makullin ɗakin kayan gyara, daga filogi da batir har tayoyi. Duk inda yawo ya kai ni, a wawushe nike iske sito, don haka na yi wa kaina alkawari nawa ba zai zama haka ba. Bai kuwa zama ba.

Ga yadda nike aikina. In direba ya zo neman sabon abu, sai in zaga bayan gareji inda anka jingine matattun motoci, in kwanto masa tsoho mai sauran rai. Sabo na kan kanta ne, don ranar da masu binciken kaya za su zo daga Sakkwato su ga sito cike. Abin da na fi alfahari da shi wasu tayoyi ne guda fuɗu na a-kori-kura, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. A can saman kanta nike aje su, daf da kwano, ɗakin kuma ba silin. Duk sadda anka ce baƙi na tafe, sai in sa tsani in sauko da su, in jiƙa tsumma da baƙin mai in goge su har su yi ƙyalli kamar takalmin ango. Baƙi su gani su jinjina kai, su ce ina ma kowane mai sito haka yake. Shekara takwas ina wannan.

Cikin direbobinmu akwai taubashina, ɗan gwaggona, mutumin Jabo. Kaza mai kwanci yake kirana. Kullum da safe sai ya leƙo ta taga ya tambaye ni ko tayoyin sun ƙyanƙyashe, in sun yi, in taimaka masa da ɗan tsako guda ya sa wa baro. Ni kuma in ce masa ya je can, mai tuƙin da kunkuru ke yi masa hon ya ba shi hanya, wanda tsofaffin da ke zuwa kasuwa ke ƙin shiga motarsa don suna sauri. Gaskiya ce a cikin wasan. Shekara ashirin da wani abu shina tuƙi, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da karatu mai zurfi, wannan sunan shi ne abin da ya tara.

Wata bazara anka ce ya kai famfo da bututai Fakku, inda rijiyar burtsatse ta lalace. Tayoyinsa na gaba sun yi sanƙo kamar kaina. Ya shigo sito, ran nan bai yi wasa ba, ya zauna kan jarka ya ce mani saura shekara biyu ya aje aiki, kuma shina son ya koma Jabo da gaɓoɓinsa cikakku. Maganar ta shige ni. Na ɗauko tsani na hau, na sauko da biyu daga cikin fuɗun, na gangaro su har tsakar gareji da kaina don kowa ya gani, ina cewa yau kaza ta tashi daga kan ƙwai. Makanikai sunka yi ta tafi suna tsokanata. Da mai faci ya zo ɗaurawa, na ga ya kira taubashina gefe, sun duƙa kan taya suna magana ƙasa-ƙasa. Taubashina ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi, ya ɗaga mani hannu. Na ɗauka yabon kayan suke.

Bayan azahar labari ya zo. Tayar gaba ta fashe kafin ya kai Kebbe, motar ta wuntsila cikin kwazazzabo. Mangwaro nike sha sadda anka gaya mani, kuma na tuna sai da na shanye shi, na wanke hannu, na kulle sito, na ja ƙofar sau biyu kamar kullum. A asibiti a Sakkwato anka yanke masa hannun dama daga gwiwa. Na tsaya bakin gadonsa ina kallon bandeji, abin da ke yawo a kaina shi ne ko na kashe fankar ofis. Mutane na kuka a baranda. Ni na nemi kukan a cikina ban iske komai ba, kamar mai laluben aljihun rigar da ba tasa ba.

Anka kafa kwamiti. Sunka tambaye ni ko tayoyin sababbi ne, na ce sababbi ne, na nuna musu katin sito. Sunka ce to sabuwar taya ba ta fashewa haka kawai, sai dai gudu ya wuce kima. Washegari mai faci ya kawo mani gutsuren tayar a buhu. Ya lanƙwasa robar a gabana ta karye kamar ƙanzo. Ya nuna mani wasu lambobi fuɗu a gefenta, ya ce mako da shekarar da anka yi ta ke nan, ya ce roba tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba, zafin kwano na dafa ta, baƙin mai kuma cinye ta yake. Ni da na zaga ƙasashe, ban taɓa sanin taya na da ranar haihuwa ba. Da ya fita na hau tsani na latsa biyun da sunka rage, sai ga tsaga ta buɗe kamar faso a dugadugin manomi. Kwamitin nan na zaune a ofishin da ke kallon nawa, taku ashirin bai kai ba. Na sauko na zauna. Bayan mako biyu sunka rubuta ganganci a fayil ɗin taubashina, sunka sallame shi.

Shekara uku ban taka Jabo ba, sai dai aiken gaisuwa. Ina ci, ina barci, ina ba mutane labarin Kumasi suna dariya. Sai daminar bara, bayan ni ma na aje aiki, na hau babur na tafi. Na iske shi a zaure shi kaɗai da kwanon tuwo, 'yan'uwansa na can waje suna ci a faranti guda. Tun da ya koma ci da hagu ya daina sa hannu a kwanon jama'a, ba wanda ya hana shi, shi ne ya ga bai dace ba. Na zauna na faɗa masa komai, da muryar da nike karanta jerin kaya.

Ya bari na gama, sannan ya ce ai ya sani. Ya ce abin da mai faci ya nuna masa ran nan ke nan, tsagar da ke gefen taya. Amma da ya ɗago ya gan ni tsaye kamar uban amarya, ranar farko a shekara takwas da na buɗe hannuna, kuma a gaban jama'a, sai ya kasa mayar mani da su. Ya ce a ransa in ya bi a hankali za su kai shi. Kwamiti kuwa bai gaya musu ba don ya ga in ya faɗa mu biyu za a kora, kuma gida ɗaya ya ishi kuka a dangi. Daga nan ya tambaye ni ko sauran biyun sun ƙyanƙyashe. Ban yi dariya ba, ban yi kuka ba. Ya turo kwanon tsakiyarmu da ƙafa, munka ci, shi da hagu ni da dama.

Na rubuta wa ma'aikatar takarda na bayyana gaskiya, na roƙi a goge kalmar nan daga fayil ɗinsa. An karɓa an buga hatimi, 'yan kwamitin duk an canza musu wurin aiki, har yau shiru. Ranar da na kai takardar na leƙa sito. Tayoyin biyu na nan a sama, suna ƙyalli. Wanda ya gaje ni ya nuna mani tsummansa da alfahari, ya ce a wajena ya koya. Na ce ya ara mani tsani da wuƙa.

Edita, na daɗe ina zaton ɓarawo kaɗai ke cutar da sito. Ashe mai riƙo ma na kashewa, kuma shi har yabo ake yi masa. Ina kira ga duk mai riƙe da makullin kayan gwamnati, kayan nan ba don idon baƙi anka kawo su ba, don wanda ke kan hanya ne. Ku ba shi tun suna da rai, ku duba lambobin nan fuɗu, kada ku shafa wa roba mai. Direbobi kuma, kada kunyar ɗan'uwa ta sa ku karɓi abin da idonku ya ƙi. In kuma gaskiya ta zo hannunku kwamiti na zaune, ku tashi ku yi takun nan ashirin. Ni na aje tawa a saman kanta shekara uku, da na sauko da ita ta riga ta bushe.