Kaka da Tsohon Jirgin Bakin Bariki

Makon jiya aka yi wa ƙofar gidanmu fenti. Na daɗe tsaye a zaure ina shaƙar warin, har mai fentin ya tambaye ni ko kalar ce ba ta yi mini ba. Na ce masa ta yi. Kakata kawai na tuna, da ranar da muka kai ta Kano ganin jirgi.

A wani ƙauye kusa da Rurum na tashi, a gindin duwatsu. Tun da aka yaye ni nake kwana a ɗakin kakata, mahaifiyar babanmu. Ɗakinta ƙamshin daddawa da man shanu yake yi, kuma ba ta kirana da komai sai "ƙawata". Mace ce marar tsoro. Na ga ta kashe maciji da taɓarya, ta koma ta ci gaba da dakanta.

A shekarun da aka koma mulkin farar hula, akwai wani rani da albasa ta yi kyau ƙwarai. Babanmu da ƙannensa suka haɗu suka biya mata kujerar Makka. Ranar da suka gaya mata sai da ta yi kuka, don kakanmu ya rasu da wannan burin bai cika ba. Ba a daɗe ba rediyo ya kawo labarin wani jirgi da ya faɗi da mutane. Kaka tana tsinke zogale ta ji. Ta ajiye tiren, ba ta sake ɗauka ba.

Washegari ta ce wa babanmu, "Ku ba wani kujerar. Ƙafata ba za ta rabu da ƙasa ba."

Liman ya zo ya yi mata nasiha a kan ajali. Ta saurara da ladabi, ta ce gaskiya ne, Malam, amma ba ta sauya ba. Ga shi lokacin ɗaukar hoto da yin allura yana ƙurewa, wanda bai je ba kuma kujerarsa ta tafi. Babanmu ya daina hira a tsakar gida. Ni kuwa ina ganin tana tura tuwonta gefe, tana ramewa, don tana son tafiyar kamar ranta.

Baffanmu, autanta, direba ne, yana jigila tsakanin Kibiya da Kano. Shi ya lura cewa Kaka ba ta taɓa ganin jirgi ba sai ɗan farin zaren hayaƙin da yake bari a sama. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, akwai wani a Kano da ba ya tashi. A kan ginshiƙi yake. Ki zo ki gan shi kawai, mu dawo."

Kaka ta ce, "Sai dai da ƙawata."

Muka bi ta Rano da hantsi, mata a kujerun baya kamar yadda aka fara yi a lokacin, buhunan tattasai a ɗaure a saman mota. Kowane bango a hanya hotunan 'yan takara ne. Kaka ba ta kalli ko ɗaya ba, carbinta kawai take ja.

A bakin wani barikin sojojin sama jirgin yake. Na ɗaga kai na dube shi. Ya fi masallacin ƙauyenmu tsawo, an ɗora shi a kan ginshiƙan siminti, hancinsa ya ɗan kalli sama, ga manyan farfela a fukafukansa. Wasu mutane suna kan tsani suna yi masa fenti. Sojan da ke gadi, wani mai furfura a gemu, ya ɗaga hannu ya ce ba a tsayawa a nan. Baffa ya sauka ya yi masa bayani a hankali. Sai sojan ya leƙo cikin mota, ya ce, "Mama, sauko. Zo ki gaisa da shi."

Kaka ta taka har ƙarƙashin cikinsa. Ta ɗaga sandarta ta ƙwanƙwasa, kamar yadda take gwada tukunya a kasuwar Kibiya. Tattabaru suka fashe daga ƙarƙashin fiffike, ni na ruga bayan Baffa, ita ko gezau.

"Ɗan nan, wannan ya taɓa tashi?"

"Tun ban shiga soja ba yake tashi, Mama. Ya ɗauki mutane, ya ɗauki kaya, har ƙasashen waje."

"Bai taɓa faɗowa ba?"

"Da ya faɗo ai da ba ki same shi a nan ba. Tsufa ya yi, aka ce ya huta."

Ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe su ma suna tsufa."

Sai da na girma na gane abin da ya faru a ranta. Ba ta taɓa jin an ambaci jirgi ba sai ranar da ya faɗi, har ta ɗauka ƙarshen kowanne ke nan. Ta zauna a inuwar fiffiken, ta kwance bakin zanenta, ta ɓara goro ta miƙa wa sojan rabi. Da ta gama taunawa ta dubi Baffa ta ce, "Auta, ina ne ake ɗaukar hoton?"

Ta je, ta dawo lafiya. Shekara da shekaru tana ba matan ƙauye labarin yadda ta ga gajimare a ƙarƙashinta kamar an baza auduga, da yadda aka kawo mata shinkafa mai zafi a sararin sama. Ta rasu a kan gadonta, da tsufa mai kyau.

Yanzu abubuwa sun sauya. Yaran ƙauyenmu suna kallon cikin jirgi a waya tun kafin su iya karatu, tsofaffi kuma suna zuwa Umra su dawo ba a yi wani taro ba. Ni ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Rano, kuma ban taɓa hawa jirgi ba. Bana Allah ya kira ni, sunana ya fito. Shekaranjiya ina jera kaya a jaka, 'yata ƙarama ta zauna a bakin gado tana kallona.

"Umma, ba kya jin tsoro?"

Na ce mata, "Ina ji. Amma zan hau."