Gwangwanin Sojoji Da Hajjin Dattijo

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni takari ce a Makka, ba ni da igama, wato takardar izinin zama, ina dafa tuwo da shinkafa a wani ɗan ɗaki a unguwar Shisha ina sayar wa alhazai. Bayan yaƙin da aka yi a yankin nan, ragowar abincin gwangwani na sojoji ya shigo hannun 'yan tebur a unguwar Kudai, koraye marasa hoto, araha kamar banza. Na kwashi kwali biyu na nama. Wasu murfinsu ya kumbura, ni kuwa da wayona sai na zaɓe su, wai sun fi cika.

Ana jibi Arfa, wani dattijo ɗan garinmu, abokin mahaifina, ya baro masaukinsu ya kawo mini saƙon gida. Ya ce gonarsa ya sayar ya zo, kuma ba ya jin zai sake ganin Ka'aba. Don in girmama shi na buɗe gwangwani mafi kumburi. Gwangwanin ya yi tsaki da na huda shi, ɗan wari ya taso, na danne da daddawa da yaji. Dattijon ya cinye tas, yana sa mini albarka.

Kafin la'asar amai da gudawa sun kayar da shi. Maƙwabciyata ta ce mu kai shi asibiti, na ce a'a, za a tambayi abin da ya ci da wadda ta dafa, ƙarshenta a tusa ƙeyata gida. Na jiƙa masa kanwa da lemon tsami. Kwana uku yana kwance a tabarmata bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an tafi Arfa. Na ce an dawo. Sai ya gode mini da jinya.

Daga baya na ji cewa alhazan da ke kwance a asibiti, a motar asibiti ake kai su Arfa su samu tsayuwarsu. Gwangwani ya kwantar da shi, amma tsorona ne ya hana shi Hajji. Ya rasu a gida bayan shekara biyu, bai sani ba, kuma har yau abin yana cina.

'Yan'uwana masu girki, gwangwanin da ya kumbura ku zubar. In kuma baƙo ya faɗi a hannunku, ku kai shi asibiti ko da za a kama ku. Ni da na ɓuya, ga ni nan a Makka, na yi Arfa ba adadi, shi ko ɗaya bai samu ba.