Sai Malam Ya Sauke Littafin Turanci

Mijina malami ne, wannan ba zan hana shi ba. Nahawun Larabci a gaban malamai uku ya karanta shi, kuma a Zongon Kumasi in gardama ta sarƙe a kan wata kalma, zaurenmu ake kawo ta. Shi ya sa har yau in na tuna abin da ya yi wa 'yarmu ta fari, haushin yake ninkuwa. Da jahili ne, da na ce bai sani ba.

Tana da shekara bakwai aka fara kai 'ya'yan maƙwabta makarantar boko, wadda muke ce wa sukul. A lokacin ba a tambayar takardar haihuwa, sai a ce yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓa kunnensa. Kullum na dawo daga tashar Race Course, inda nake sayar da koko da ƙosai, sai ta tare ni tun a ƙofa, hannu bisa kai, ta cafke kunnen nan kamar zai gudu.

"Mma, duba, ya kai!"

Na sami uban na ce, "Malam, yarinyar nan tana son sukul."

Bai ce a'a ba. Da ma a'a ya ce, da na san da wa nake faɗa. Cewa ya yi ba zai kai 'yarsa inda bai san abin da ake zuba mata a kunne ba, kuma ba zai tsaya gaban hedimasta kamar kurma ana yi masa tafinta ba. Zai fara koyon Turancin tukuna, shekara ɗaya ta ishe shi. Na ga maganar da hankali a cikinta, na amince. Wautata ta fari ke nan.

Ni dai na san yadda ake koyon Turanci a garin nan. Direbobi da 'yan dako a bakin teburina suke tsintarsa, su yi ciniki da shi, su yi zagi da shi. Malam ya ce wannan Turancin bakin kwata ne. Shi ta ƙofa zai shiga, kuma ƙofar kowane harshe nahawunsa. Ya samo wani tsohon akawu Bafante, wato ɗan ƙabilar Fante, da ya yi ritaya daga wani kanti a Adum, mai ɗaura laktaya a wuya ko da rana na dafa ƙwai. Tsohon ya zo da wani jan littafi mai kauri, na ƙa'idojin jera magana. Malam ya karɓe shi da hannu biyu, ya ɗinka masa gafaka, ya bi shi yadda ya bi littattafan zaure: a biya masa layi, ya maimaita, ya haddace, ba a juya shafi sai ya zauna daram.

Ai kuwa tsoho ya sami abin da ya daɗe yana nema. Wa ya taɓa sauraronsa haka? Bayan la'asar sai su baje a zaure, a ja layuka a kan allo, a ɗauko jimla ɗaya a shiga fiɗa kamar mahauta sun sami sa. Wannan shi ne mai aikin, wannan aikin, wannan wanda aikin ya faɗa wa, wannan kuma 'yar jimla ce da take goye a bayan uwarta. Akwai wata da ta cinye musu mako guda cur, wai mutumin da ya sayi dokin da ya ci tsere ƙanin likita ne. Har na gaji na leƙa na ce, in sun gano mai dokin su gaishe min da shi. Babu wanda ya yi dariya.

Ranar da Malam ya gano cewa Turawa ma suna da fa'ili da maf'uli, kamar an yi masa albishir da Makka. Ya biyo ni har madafa ina tace gasara yana cewa, "Kin gani? Harsunan duniya duk ƙashinsu ɗaya ne, nama ne ya bambanta."

Na ce, "Madalla. To sukul ɗin fa?"

"Saura babin sharaɗi."

Bayan babin sharaɗi aka shiga babin maganar da aka ruwaito. Bayan shi aka tarar na farko ya fara zubewa, aka koma tilawa. Shekara ɗaya ta haifi biyu, biyu ta haifi uku. Yarinya tana zuwa makarantar allo da safe, da hantsi ta zauna a dakali tana kallon ƙawayenta suna wucewa da 'yan akwatunansu a ka. Daga baya ta bar zaman dakalin. Ni kuma ina nan ina jiran gawon shanu, ga ƙafa Allah ya ba ni, ga sukul ɗin ko daga ƙofarmu ana jin ƙararrawarsa. Tsoron a ce na tsallake maganar miji ya zaunar da ni, kuma ban yafe wa kaina wannan ba.

A shekara ta biyar Malam ya sauke littafi. Wallahi har da walima. Aka yanka kaji, na dafa shinkafa da wake, malamai suka cika zaure, ya tashi ya karanto shafin ƙarshe da ka, da irin muryar da ake jan baiti. Ba wanda ya fahimci ko kalma ɗaya, amma kowa ya ce ma sha Allah. Tsohon akawu har da share hawaye.

Da aka buɗe makarantu sai muka tafi mu uku, shi a gaba da babbar riga, ni da yarinya a baya. Shekararta goma sha biyu, ta biyo tsawon ubanta, kafaɗarta ta kamo tawa. Hedimastan wani Asante ne mai furfura. Malam ya gyara tsayuwa ya saki jawabin da ya yi wata guda yana sassaƙawa, jimla na goye da jimla. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce bai taɓa jin Turanci mai tsabta haka a bakin uban yaro ba. Sannan ya dubi yarinyar, ya juya harshe zuwa Hausar kasuwa.

"Kramo," haka suke kiran malamanmu, "yarinya nan ya girma. Me ya sa ba ka kawo shi tun da ba? Masu kawo yara nan, rabi ba su ji Turanci koraa, ko kaɗan. Suna kawo, muna rubuta suna, shi ke nan."

Malam ya shiga gyaran babbar rigarsa. Duk littafin nan babu babin da ya tanadar masa amsa.

Hedimasta ya ji tausayi ya karɓe ta, amma aji ɗaya, don ko harafi ba ta sani ba. Aka zaunar da ita cikin 'yan shekara shida, gwiwoyinta ba su shiga ƙarƙashin tebur. Yaran suka sa mata suna Maame, wato uwa, in ɗaya ya yi fitsari a wando ita ake kira ta wanke shi. Ƙawayenta na da, 'yan aji shida, suna leƙowa ta taga. Duk wannan ba ita ta gaya min ba, a bakin 'yar maƙwabta na ji.

Kwana tara ta yi. A na goma na tashi da asuba zan ɗora tukunya, na tarar har ta hura wuta, ta naɗa gammo ta ajiye kusa da ƙwaryar koko. Na ce ta je ta yi wanka kada ta makara.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Mma, ki bar shi. In ƙanwata ta kai, ke ki kai ta da kanki."