Kiran da Kaka Ta Amsa a Sawakin

Da i'ina na tashi. Sunana Bukar, amma a bakin kogin Komadugu ba yaron da ke kirana haka. "Bu-bu" suke ce mini, don a nan nake maƙalewa duk sanda aka tambayi sunana. Diffa a lokacin ba ta wuce ƙauye ba, kowa ya san kowa, sai sunan ya bi ni har gonar tattasai, har wurin wanka a kogi.

Da ɗari, in an shanya tattasai ja wur a tsakar gida kowa na atishawa, mukan taru bayan sallar isha'i a ƙofar ɗakin Kaka Yagana, mahaifiyar innata. Babarbariya ce, Hausarta ta kasuwa ce: wani lokaci ta ce wa namiji "ke", ta ce wa mace "kai", in ka gyara mata ta harare ka. Takan hura wutar kara, ta miƙe ƙafafu, ta sa kowane yaro ya kawo 'yar gajeriyar tatsuniyarsa kafin ta buɗe tata. Wani dare layi ya zo kaina. Na buɗe baki, kalmar farko ta tsaya mini a maƙogwaro, na yi ta kokawa da ita har jijiyar wuyana ta tashi. Aisa, 'yar kawuna, ta kwaikwaye ni, kowa ya fashe da dariya. A nan na rantse a zuciyata na gama magana a duniya.

Kuma na yi shirun, wallahi. A kira ni in ɗaga kai, a aike ni in tafi, amma ko uffan. Innata ta shiga kuka a ɓoye, tana cewa aljanun kogi ne suka taɓa mata ɗa. Babana ya fara zancen kai ni wurin wani mai magani a Bosso. Ni kuwa tsoro ya fara kama ni, don na gwada magana ni kaɗai a bayan rumbu na ji kamar muryar ma ta tafi.

Kaka ba ta lallashe ni ba. Wani dare dai ta ce, "Ku kawo kunnuwanku nan, ku bar bakunanku a ƙofa. Yau ba tatsuniya ba ce, abin da idona ya gani ne. Maigidana, matso kusa da ni." Haka take kirana don tsokana. Na matsa.

Ta ce tana amarya suka kama hanyar Makka a ƙasa ita da kakanmu, suna tafe suna aiki, har suka kai Sawakin a bakin teku, inda alhazai ke shiga jirgi. Can ciwo ya kwantar da kakanmu, jirgi ya tashi da 'yan ayarinsu ya bar su. Ba dangi, ba mai jin harshenta. Ta ce da rana wankau take yi wa mutane, da dare ta zauna tana kallon bango.

"Kullum da asuba," in ji ta, "sai in ji murya ta bayan katanga: Ommm... gana... Ommm... gana... To ni na ɗan tsinci Larabci a hanya, na san umm uwa ce. A Barbarci kuma 'ya' uwa ce, 'gana' ƙarama. Ashe ba Yagana ke nan ba? Na ce Allah sarki, wata baiwar Allah ta juya sunana da harshenta tana kirana. Sai in ɗaga murya in ce, Na'am! Shiru. Gobe ma haka. Na'am! Shiru."

Ran da abin ya ishe ta, ta ɗaura zane ta faɗa gidan, za ta ji dalilin wannan wulaƙanci. Ta tarar da wata Ba'indiya, matar mai sayar da yadi, zaune ta naɗe ƙafafu tana jan wani abu kamar carbi. A gabanta ga wani ɗan sassaƙe mai tumbi, jikin mutum, kan giwa, haurensa ɗaya a karye, ga ɓera a gindin ƙafarsa. Kaka ta ce a'uzu billahi, ta juya za ta fita. Matar ta riƙo hannunta, da ta gane abin da ya faru ta yi ta dariya har da hawaye. Mu ma muka yi ta dariya, ni kuwa na toshe bakina da hannu.

Da guntun Larabcinta da na Kaka, matar ta yi bayani. A wurin mutanensu, wannan mai kan giwar shi ne mai kawar da abin da ya tare hanya, sunansa ne take ja, ba na Kaka ba. Kunnuwansa manya ne don ji ya fi masa magana. Haurensa ya karye bai bar aiki ba. Ɓeran kuwa, inda giwa ta tura ta kasa, shi yakan zauna ya gutsura kaɗan-kaɗan har ya huda. Ta ba Kaka labarin ranar da iyayensa suka ce shi da ɗan'uwansa su yi tseren zagaya duniya. Ɗan'uwan mai sauri ne, nan da nan ya ɓace. Shi kuwa da nauyin jikinsa ya tashi a hankali, ya zagaya uwarsa da ubansa, ya ce ga duniyarsa nan ya gama. Shi aka ba nasara.

Kaka ta ce, "Na ce mata, ni fa ba na durƙusa wa abin da hannu ya sassaƙa. Ta ce ai ba ta ce in durƙusa ba. Ta ce ita ma uwarta na ƙetaren teku, ba ta san ranar ganinta ba, shi ya sa take wannan kiran. Sai ta tambaye ni, ke ba ki da sunan da kike kira in hanya ta toshe? Na ce ina da shi mana, Ya Fattahu, Mai Buɗewa. Ta ce to me ya hana ki? Kai, kunya ta kama ni!"

Daga ranar, ita a bayan katanga da nata, Kaka a nan da nata, kowace ta ja dogon numfashi ta saki a hankali. Kaka ta ce ba ta san ranar da sauƙi ya fara ba. Ta dai san ta daina kallon bango, har kakanmu ya miƙe suka haye.

Da wuta ta fara mutuwa ta kori sauran yara, ta riƙe ni. Ta ɗora tafina a ƙirjinta, ta yi wani dogon "mmm" har na ji shi yana rawa a hannuna. "Kai tura kalma kake yi kamar giwa," in ji ta. "Ja numfashi, ka fara da wannan, sannan ka gutsure ta." Hawaye suka yi ta zubo mini. Ba ta gaggauta ni ba, sai tura kara take cikin wuta. Can na ja numfashi. "Mmm... Ka... ka."

"Na'am!" Ta ƙwala shi da ƙarfi yadda ta yi a Sawakin, har innata ta fito da gudu ba ɗankwali.

I'inar ba ta bar ni ba, har yau tana nan. Na dai daina faɗa da ita. Na daɗe ina ɗauka labarin na ɓera ne da giwa, sai da na girma na ga abin da ya fi taɓa ni: mace ita kaɗai a baƙuwar ƙasa, ta ƙagu wani ya kira sunanta har ta amsa kiran da ba nata ba, ta wannan kuskuren kuma ta sami 'yar'uwa.

Ranar da Kaka za ta cika, kunnenta ya riga ya yi nauyi. Kawunnaina suna ta laƙƙana mata kalmar shahada da sauri, ba ta bin su. Innata ta dube ni. Na durƙusa, na ɗora tafinta a ƙirjina, na ja numfashi na fara da "mmm" ɗin nan. Ta buɗe ido. Na gutsura mata kalmar gaɓa-gaɓa, tana bina da leɓe, har muka kai ƙarshe tare. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Yanzu ni ne mai miƙe ƙafafu a bakin wuta. In zan fara labari sai na ja wannan "mmm" tukuna, jikokina su yi ta dariya suna cewa wai wani nake kira. Ba na musa musu. Wani lokaci ma nakan ɗan dakata, ko za a amsa.